Kiwo Ne Ko Leƙe?

Gidanmu na gado a cikin garin Kazaure ginin ƙasa ne. An yi masa shafen siminti da rufin kwano daga baya, amma bangon sashen Hajiya har yau kaurinsa ya haura kamu guda. Maginan da suka ɗora shi zafin bazara suke gudu, da kuma fitar maganar ɗaki zuwa tsakar gida. Abin da ya tare murya kuwa shi ya tare sabis: rautar da muka fara ajiyewa a falona ko bakin rijiya ba ta kaiwa, balle ɗakunan samari da ke jikin zaure.

Sassa huɗu ne a gidan, kowa da datarsa, kowa da kukan ta ƙare tun wata bai raba ba. Ƙaninmu da ke aiki a Abuja ya ce a yi abu ɗaya kowa ya amfana, shi zai riƙa biyan kuɗin wata. Aikin ya faɗa hannun babban ɗan Yaya, wanda ya yi karatu a makarantar Informatics ta nan Kazaure, ɗaya daga cikin abubuwan da Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ya bari a mulkinsa na 1999 zuwa 2007. Yaron ya shiga Kano, ya je Farm Centre, ya dawo da kwali mai na'urori uku farare. Mesh ake ce wa tsarin. Ɗaya ce uwa, ita ke karɓar intanet daga rauta mai sim. Biyun 'ya'ya ne, suna amsa daga uwar suna miƙawa gaba, duka da suna ɗaya da fasuwod ɗaya, ta yadda za ka taso daga zaure kana kallo har ka kai madafi hoton bai tsaya ba.

Ya sha fama da bango. Ya ce na'urar ta hanya biyu take magana: 2.4 GHz mai ratsa gini amma da nawa, da 5 GHz mai gudu amma ba ta jure katanga. Kuma duk 'yar da ta amsa ta iska ta miƙa ta iska, gudun yakan ragu, wani lokaci har kusan rabi. Ƙarshe sai da ya ja waya ta ƙarƙashin indararo zuwa sashen Hajiya, ya ce irin wannan wayar tana kai mita 100 lafiya lau. Ta ukun ya rataye ta can sama a barandar Yaya, nesa da tankin ruwa, ya jona su duka da solar gidan.

Alherin abin bai ɓuya ba. Hajiya tana zaune kan dardumarta tana sauraron tafsirin Malam Ja'afar Mahmud Adam a YouTube, mutumin da aka kashe tun 2007 amma muryarsa ba ta bar gidaje ba. Da azumi ta kalli tarawihin Makka kai tsaye. Matan gidan sun daina aiken yara shagon masu turi a zuba musu Labarina a memori. Samarin da ke kai sha ɗayan dare a gidan kallo saboda ƙwallon Ingila yanzu a ɗakinsu suke ihu, muna jin su, mun san inda suke.

Sai dai tsarin yana zuwa da manhaja, ita kuma a wayar mutum ɗaya aka ɗora ta. Tawa aka zaɓa, tunda uwar a falona take. Da na buɗe, ga wayoyin gidan nan a jere, kowacce da sunan da yaron ya raɗa mata, da wadda ke kan layi yanzu, da abin da take ja. Da yatsa ɗaya zan iya yanke wa kowa. Akwai kuma sashen kula da yara: duk wayar da ka jefa a ciki, za a riƙa jero maka sunayen shafukan da ta leƙa. Manhajar ba ta tambayar shekarun mai wayar. Ɗan shekara tara da matar aure duk ɗaya ne a wurinta.

Labari ba ya kwana a gidan yawa. Wata rana bayan lisha Yaya ya tsayar da ni a zaure.

"Wai an ce abin nan yana nuna maka abin da kowa ke kallo?"

"Yana nuna wani abu dai, Yaya."

"To ka duba mini wayar yaron nan na tsakiya. Da ta amarya."

Na ce ya ba ni lokaci. Yaya ba mugu ba ne, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ɗora wa mumini kare kansa da iyalinsa daga wuta, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya mai da kowane maigida makiyayi abin tambaya game da abin da aka ba shi kiwo. Abin da yake tsoro ma ba tatsuniya ba ne. Cacar ƙwallo ta waya ta ci jarin samari da yawa a garin nan, batsa tana nan tsakanin bidiyo da bidiyo, ga 'yan damfara masu shigowa da sunan soyayya. Kakanmu a wannan zauren yake wuni. Namiji baligi ba ya wuce shi, dillaliya ma sai ya san ko 'yar gidan wa ce. Yau baƙo yana shiga kowane ɗaki ba sallama, kuma mu da hannunmu muka rataya masa hanya a baranda. Wanda ya buɗe ƙofa ba zai ce babu ruwansa da mai shigowa ba.

Amma Alƙur'anin da ya yi umarni da karewa shi ya hana bin diddigi. Aya ta 12 a Suratul Hujurat abu uku ta jero: yawan zato, binciken asirin mutane, da cin naman wanda ba ya nan. Na daɗe ina ganin jerin nan ba a banza ya zo ba, domin na farko ke haifar da na biyu, na biyu ya haifi na uku. Rauta kuwa da zato take ciniki. Kusan duk manyan shafukan yau a kulle suke tafiyar da bayanansu, saboda haka na'urar sunan shafi take gani, da lokaci, da yawan data. Abin da ke ciki ba ta ganinsa. Za ta ce maka wayar wance ta shiga TikTok ƙarfe ɗayan dare. Ba za ta ce maka wa'azi ta kalla ko rawa ba, ba za ta ce maka jaririnta ne ke zazzaɓi ya hana ta barci ba. Ɗan Yaya ya ƙara mini wani abu: waya idan tana caji a kan waifai da dare, takan sabunta manhajojinta da kanta, ta kwashe hotuna ta adana, mai ita yana can yana minshari. Da safe maigida ya duba ya ga an ja data mai yawa a tsakar dare. Sauran labarin zuciyarsa ce za ta ƙarasa masa, kuma zuciyar da ta tashi bincike ba kasafai take ƙarasawa da alheri ba.

Na kai maganar gaban malaminmu na zaure, wanda muke ɗaukar Risala a wurinsa bayan asuba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tuna mini wurin da Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan, ya hana mutum buɗe taga kusa wadda za ta riƙa bayyana masa cikin gidan maƙwabcinsa, ko da bangon nasa ne.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai wannan maƙwabci ne. Mu kuwa gida ɗaya muke."

Ya ce in koma Suratun Nur, aya ta 58 da 59, inda aka koya wa yaran gida neman izini a lokuta uku, kafin asuba, da tsakar rana, da bayan lisha, idan sun balaga kuma su nemi izini kamar kowa. Ashe a cikin gida ɗaya ma kowane ɗaki yana da hurumi. Sannan ya tambaye ni: kakanka da yake wuni a zaure, ɓuya yake yi?

Tambayar ta warware mini rabin matsalar. Tsohon nan kowa ya san yana nan, ana jin tarinsa tun daga lungu. Mai niyyar ɓarna yakan fasa tun kafin ya iso, ba a kai ga kama shi ba, ba a kai ga tozarta shi ba. Tsaron da ake yi a sarari hana laifi yake yi, wanda ake yi a ɓoye kuwa jira yake a aikata. Malamai sukan kawo labarin Sayyadina Umar da ya haura katanga ya iske mutum a kan saɓo, mutumin ya lissafa masa cewa shi laifi ɗaya ya yi, Halifa kuwa uku: ya yi bincike, ya shigo ba ta ƙofa ba, ya shigo ba sallama. Ana magana a kan ingancin ruwayar, amma yadda littattafai suka yi ta ɗaukar ta ya nuna inda zuciyar malaman take.

Rabi na ce, domin sanarwa ba ta halatta komai. Wanda ya aika wa maƙwabci cewa gobe zai fasa taga ta kallon tsakar gidansa bai fita daga cutarwa ba, ya dai ƙara da rashin kunya. Amarya 'yar mutanen Roni ce, baliga mai hankali, an ɗaura aurenta da waliyyi da shaidu. Aure ya ba Yaya haƙƙoƙi a kanta, amma ban ga inda ya mai da ita yarinyar da za a jefa a sashen kula da yara ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare yana tuhumarsu ko yana neman tuntuɓensu. Idan an hana miji dirowa daga tafiya da wannan niyya, ina ga wanda yake kwance a ɗakinsa yana dirowa kowane dare ta waya? Sannan ni wane ne a wannan magana? Ƙanin miji. A al'ada abokin wasa ne, a hadisi kuwa an tsananta gargaɗi game da kusancinsa da matar ɗan'uwansa. A ce ni ne zan san lokacin da take kwanciya da lokacin da take farkawa, in kai wa mijinta rahoto? Wannan ko Yaya ya yarda, ni ban yarda ba. Haka baƙi: ƙanwar matata da ke karatu a Babura, da Kawu idan ya zo daga Gwiwa ya kwana biyu. Wanda ka ba fasuwod ruwa ka ba shi, ba ka sayi asirinsa ba.

Inda na fi daɗewa ina juyi shi ne yaron na tsakiya. Shekararsa 17. A fiƙihu baligi ne, alƙalami ya hau kansa. A gida kuwa uban ne ke ciyar da shi, shi ya saya masa wayar, kuma idan ya faɗa rami uban za a fara kira. Ba zan iya cewa Yaya ba shi da ikon sa ido a kansa ba. Abin da na gaya masa shi ne leƙen ba zai kai shi inda yake so ba. Abu Dawud ya kawo hadisin Mu'awiya mai nuna cewa wanda ya bi diddigin aibin mutane lalata su zai yi, ko ya kusa. A kan waya wannan a fili yake. Ran da yaron ya gane ana dubansa, zai kashe waifai ya sayi datar 'yan ɗaruruwa a kan sim ɗinsa, ko ya kunna VPN, wanda samarin ƙasar nan suka ƙware da shi tun da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Daga nan manhajar za ta riƙa nuna waya mai tsabta, uba ya kwanta da murna, ɗa kuma ya koyi darasi ɗaya tak, wato yadda ake ɓoyewa.

Ga abin da aka yi. Yaran da ba su balaga ba an haɗa wayoyin da suke taɓawa da talabijin ɗin falo a sashen yara, an toshe shafukan batsa da na caca, sabis ɗinsu yana ɗaukewa ƙarfe tara na dare. An tara su an gaya musu, a gaban iyayensu mata. Samari kuma an gaya musu nasu yana ɗaukewa sha biyu, saboda sallar asuba, sai daren da wasa ya kai ƙarin lokaci, wannan an bar ƙofar roƙo. An buɗe wa baƙi layi daban. Wayoyin manya ba a sa ko ɗaya a inda ake jero shafuka ba.

Saura wa zai riƙe manhajar. Yaya ya ce shi ne babba. Ni na ce a falona uwar take. Ƙaninmu ya bugo daga Abuja ya ce ai shi ke biya. Hajiya ta ji hayaniyar ta aiko a kira mu. Ta sa jikanta ya cire manhajar daga wayata, ya canza fasuwod ɗin shiga cikinta, ya rubuta a takarda ya ba ta. Ba ta karanta boko, ta dai ninke takardar ta jefa a adaka. Ta ce duk mai son a gyara wani abu ya zo da ɗan'uwansa, a buɗe a gabanta, a gama a rufe.

Yaya bai sauka daga ra'ayinsa ba. Har yanzu yana cewa ranar Lahira shi za a tambaya game da yaron nan, ba ni ba, ba Hajiya ba, kuma a wannan ba ni da abin da zan mayar masa. Maganar amarya dai bai sake tayar da ita ba.