Kofin Azurfa Da Ƙwaryar Gyartai

Mai karatu, bari in yi maka wata tambaya: shin me ke sa abu ya yi daraja, nauyinsa ko aikin da yake yi?

A ƙarni na 17 da na 18, garuruwan Augsburg da Nuremberg na ƙasar Jamus sun yi suna wajen ƙirar azurfa. Maƙeri kan yi ta ƙwanƙwasa kofi daga ciki da 'yar guduma har furanni da ganyaye su kumburo waje, sannan ya shafa masa ruwan zinari. Wasu manyan kofunan masu marfi har tsabar kuɗi ake dasa musu a jiki. In an gama, a buga hatimin gari da na maƙerin.

To amma ka san me ya cinye da yawa daga cikin irin waɗannan kayan? Tukunyar narki! A 1689 Sarkin Faransa Louis na 14 ya sa aka narka kayan azurfar fadarsa don kuɗin yaƙi. Sarki Frederick na 2 ya yi haka a Berlin a 1745. Aikin watanni ya tafi cikin yini guda, domin ranar matsi ma'auni ake ɗaukowa, ba a tambayar zane.

Mu ma nan mun san wannan hali na azurfa. Liyari, kuɗin nan na Turai mai ɗauke da shekarar 1780, maƙeran farinmu sun narka shi sun yi zobba da awarwaro.

Yanzu dubi ƙwaryar mai tallar nono a kasuwar Goronyo ko Acida. Ita ma zanenta aka yi da wuƙa, aka ƙawata ta. In ta tsage, ba mai narka ta, gyartai ake kai wa ya ɗinke, gobe ta koma bakin aiki. Arharta ce ta tsare ta.

Addininmu ya hana ci da sha a ƙoren zinari da azurfa, kuma cikin hikimomin da malamai ke kawowa akwai gudun alfahari da karya zuciyar talaka. To mu da ba mu da azurfar, mun tsira daga alfaharin? Ina! Daga Taloka zuwa Wurno da Rabah, za ka ga uba ya sayar da albasar shekara, wani har ya jinginar da fadamarsa, don a cika ɗakin amarya da jeren da ba za a taɓa cin tuwo a ciki ba. Ranar da ta ɓaci, a kwashe a kai wa dillaliya rabin kuɗi.

Ban ce ado laifi ba ne, ai ido ma yana da haƙƙinsa. Amma kafin ka ci bashi don jere, tambayi kanka: wannan kwanon, wa zai sha ruwa a cikinsa?