Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Kunya abin yabo ce a wurin Bahaushe. Da ita yaro yake rusuna wa babba, da ita uwa take sakaya sunan ɗanta na fari. Amma ko kunya tana nan a matsayin halin kirki sa'ad da ta sa mutum ya ɓoye ciwon da zai kashe shi?

Akwai ciwon daji da yake kama ƙarshen hanji, dab da dubura. Wurin matsattse ne, ƙasusuwan ƙugu sun kewaye shi, ga jijiyoyin mafitsara a gefe. Domin haka a manyan asibitocin duniya ake yin wannan fiɗa da mutum-mutumi. Akan yi wa ciki 'yan ƙananan huji, a zura madubi da siraran kayan aiki, likita yana zaune a gefe yana sarrafa su. Na'urar da Vinci, wadda Amurka ta amince da ita a 2000, hannuwanta huɗu a gindi ɗaya suke, likita yana cusa fuskarsa cikin akwatin kallo. Versius ta Ingila kuwa kowane hannu da gindinsa, likita yana duban allo a fili. Dukansu hannun likita suke bi. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin ROLARR a kan marasa lafiya 471, bai kuwa tabbatar da cewa mutum-mutumi ya fi fiɗar huji ta hannu hana a koma ga tsaga ciki ba. Abin da ya fi ceton rai shi ne a gane ciwon da wuri.

A nan kunya take shigowa. Magidanci a Zongon Djougou ko na Parakou yakan ga jini a bayan gidansa, ya ce basir ne, ya sayi jiƙo, ya yi shiru wata da watanni yana ramewa. Ga asibitin Ordre de Malte a Djougou, ga babban asibitin koyarwa a Parakou, dubawar farko kuwa yatsan likita ne cikin safar hannu. Abin da yake tsoro shi ne tuɓe wando gaban wani. Ko da an kawo na'ura mafi tsada ƙofar gidansa, ba za ta warkar da ciwon da ya riga ya bazu ba.

Kunyar kirki tana kare mutuncin wani. Wadda take mai da mata gwauruwa, 'ya'ya marayu, tsoro ce kawai. Macen nan mai zubar jini shekara 12, da Markus ya ba da labarinta, cikin taro ta faɗi gaskiyar ciwonta. Sau da yawa jinin basir ne, amma likita ne zai faɗa. Wanda kuma yake yi wa irin wannan ciwo dariya a majalisa, yana da hannu cikin shirun maƙwabcinsa.