Harshen Mawaƙi: Nasa Ne Ko Na Mai Ba Shi?

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan muka ɗora wannan karin magana a kan sana'ar kiɗa da waƙa, sai wata tambaya ta taso wadda ta cancanci mu tsaya a kanta: mawaƙin da ba ya ƙarƙashin kowa, wanda abincinsa ke fitowa daga bakinsa, shin yana iya neman abincin nan ba tare da ya sayar da gaskiyarsa ba? Tambayar ta shafe mu marubuta, domin mu da mawaƙa jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Tun asali makaɗan ƙasar Hausa kashi-kashi ne. Akwai makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi wanda ya yi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Irin waɗannan ubangidansu ke ɗauke da ci da sha da suturarsu, har da doki da muhalli. Akwai makaɗan sana'a, masu yi wa mahauta kalangu, da masu bin manoma da gangar noma. A karkarar Rano da Kibiya dattawa na tuna lokacin da makaɗi zai raka 'yan gayya gona da damina, idan kaka ta yi a sallame shi da damin dawa ko na gero. Sa'annan akwai makaɗan jama'a, waɗanda ba su da ubangida ɗaya, duk inda sabga ta faɗi nan ne kasuwarsu.

Da gani sai a ce na ƙarshen nan su ne 'yantattu. To amma a lura, makaɗin fada ya san mutum ɗaya zai faranta wa, ya kuma san inda tuwon gobe zai fito. Shi kuwa makaɗin jama'a ya rabu da ubangida ɗaya ne ya sami ɗari. Attajiri ubangidansa ne, uwar biki uwar ɗakinsa ce, ɗan takara ma haka, kuma kowannensu yana iya juya masa baya ran da ya ga dama.

Duk da haka an yi waɗanda suka riƙe wannan matsayi da mutunci. Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi, amma babu wanda ya isa ya ce Shata yaronsa ne. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, kuma cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara akwai wadda ya yi wa karen mota, mutumin da ba shi da riga ko kujerar Makka da zai ba shi. Abin da ya tsare waɗannan mutane shi ne yawan masu saurarensu. Wanda dubban mutane ke ciyarwa da kaɗan-kaɗan, fushin mutum ɗaya ba ya hana shi barci.

A nan ne matsalar zamaninmu take. A da mawaƙi na da ƙofofi da yawa: filin biki, da faifan garmaho, daga baya kaset. Yau duk yaron da ya tara 'yan kuɗi a Rano ko Kibiya zai shiga mota ya tafi situdiyo a Kano, a buga masa kiɗa da fiyano, ya dawo da waƙarsa a waya. Yin waƙa ya yi sauƙi, cin abinci da ita ya yi wuya. Kafin mako ya zagayo waƙar ta shiga kwamfutar masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa, su karɓi na cefanensu, mai waƙa ko sisi. Gidajen biki da dama sun koma ɗaukar mai sa waƙa da lasifika maimakon makaɗi da 'yan amshinsa. YouTube na biya, amma sai wanda ya tara masu kallo masu ɗimbin yawa. Dokar haƙƙin mallaka kuwa tana nan tun 1988, an ma sabunta ta da wadda aka sa wa hannu a 2023, sai dai amonta bai kai rumfar mai turawa ba.

Idan ƙofofi suka rufe, wadda ta rage a buɗe ita ce ta ɗan siyasa da mai kuɗi. Shi ya sa da kakar zaɓe ta ƙarato sai ka ji gari ya cika da waƙoƙi, wanda aka kira gwarzo bana a kira shi ɓarawo baɗi, kuma da murya ɗaya. Mukan yi saurin tsine wa mawaƙin, alhali idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da muke jin waƙa kyauta muna rawa, mu ne muka miƙa shi ga mai biya.

Wani zai ce ai yabo don a samu shi ne roƙo, roƙo kuwa zubar da girma ne ko yaya aka yi shi. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Malamin makaranta ma da bakinsa yake ci, ba a kuwa ce masa maroƙi. Karɓar lada a kan fasaha halal ne ga mai ita. Inda ɓarna take wuri uku ne. Na farko, mawaƙi ya yabi mutum da halin da ya san babu shi, domin wannan shaidar zur ce da aka yi wa kiɗa. Na biyu, ya mai da zambo makamin ƙwace, wato a ba shi don tsoron bakinsa. Na uku, ya karɓi kuɗi ya ci mutuncin wanda bai yi masa komai ba. Wanda ya tsira daga ukun nan, ko nawa aka ba shi harshensa na nan a hannunsa.

Wata dabarar kuma magabata sun bar mana ita. Yawancin makaɗan karkara manoma ne, kiɗa sai an sauke aikin gona. Mai rumbu a gida yana iya cewa a'a. Ɗalibaina masu sha'awar waƙa nakan ce musu su riƙe wata sana'a a hannu, ko ɗinki ko noman rani, domin ta zama garkuwar bakinsu.

Mu ma marubuta sai mu duba kanmu. Wanda ya rubuta tarihin attajiri don ranar ƙaddamarwa, ya cika shi da yabon da ya san ƙarya ne, me ya raba shi da mawaƙin da muke zargi? Idan muna son mawaƙi da marubuci masu faɗin gaskiya, to sai mu saya, mu biya, mu gayyace su sabgoginmu mu sallame su da daraja. Allah ya ba mu abin yi na halal, ya kuma tsare mana harsunanmu da alƙalumanmu.