Wurin Bautar Ise: Tsohon Gini Ne ko Sabo?

A lardin Mie na ƙasar Japan akwai wurin bauta mai suna Ise, wanda mabiya addinin Shinto ke girmamawa fiye da kowane. Da katakon hinoki ake gina shi, wani itace mai ƙamshi da ba ya saurin ruɓewa. Ginshiƙansa a cikin ƙasa ake kafa su kai tsaye, rufinsa kuma jinka ce ta ciyawa. Duk shekara 20 akan gina wani sak irinsa a filin da ke gefensa, a kwashe kayan bauta cikin dare a kai sabon, sannan a warware tsohon. An fara haka a shekarar 690, zamanin sarauniya Jito. An yi karo na 62 a 2013, ana kuma shirin na gaba a 2033. Yaƙe-yaƙen basasa sun taɓa katse al'adar fiye da shekara 120 a ƙarni na 15 da na 16.

To, shin ginin nan ya haura shekara 1,300, ko kuwa bai taɓa wuce ashirin ba? Tambayar ta daɗe. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa sauya wa katako duk sanda wani ya ruɓe, har masana falsafa suka rabu biyu: wasu suka ce jirgin na nan, wasu suka ce wani ne dabam.

Masu ra'ayi na biyun, idan aka zo kan gine-gine, sun ce asalin gini yana cikin kayan da aka yi shi da su. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana kayan tarihi ta karkata nan, domin gine-ginen dutse na Turai ne a gaban waɗanda suka rubuta ta. Japan ma tana da hujjar wannan ra'ayi. Haikalin Horyu-ji na mabiya Buddha, kusa da Nara, yana cikin gine-ginen katako mafi tsufa a duniya, tun ƙarni na 7. Ginshiƙansa a kan duwatsu suke zaune, danshi ba ya kai musu, kuma idan aka zo gyara, ɓangaren da ya lalace kaɗai ake cirewa.

Ise ta bi wata hanya. Ginshiƙin da aka binne a ƙasa dole ya ruɓe, ciyawa dole ta mutu, maginan kuma sun san da haka. Abin da suke tsarewa shi ne ƙa'idar aikin: awon kowane ginshiƙi, yadda ake sassaƙa katako ya shiga cikin ɗan'uwansa ya riƙe, da yadda ake duba itace a gane inda zai karkace idan ya bushe. Ana iya rubuta awo a takarda, amma sauran sai a hannun kafinta yake zama. Shi ya sa cikin dalilan da ake bayarwa na shekara 20, mafi ƙarfi shi ne na koyo: mutum ya shiga aikin yana yaron kafinta, ya dawo yana gwani, ya sake dawowa yana shugaban aiki. Da tazarar ta kai shekara 60, da zane zai rage ba mai iya aiki da shi. A wajen mabiya Shinto kuma akwai batun tsarki, domin a ganinsu bai dace abar bautarsu, Amaterasu, ta zauna a ɗakin da ya tsufa ba.

Hujjar Ise ta fi nauyi idan ana maganar katako, tunda ko Horyu-ji ba zai tsaya ba in babu kafintocin da suka gaji fasahar gyara shi. Takardar Nara ta 1994 kan adana kayan tarihi ta amince da wani abu kusa da haka: siffa, fasaha da al'adar masu gini duk suna cikin abin da ake auna asali da shi, ba kayan gini kaɗai ba.

Sai dai tsarin yana da tsada. Kowane zagaye na cin itatuwa kusan 10,000 da shirin shekara takwas, akasarin katakon kuma daga duwatsun Kiso ake kawo shi. Tsohon katako ba a yar da shi: ana rarraba shi ga wasu wuraren bauta, manyan ginshiƙai kuma su koma ƙofofin gadar Uji da ke mashigar wurin bautar. Tun 1923 aka soma raya dajin Ise bisa tsarin shekara 200, kuma a 2013 aka samu wani kaso na katakon daga cikinsa, karo na farko cikin shekara kusan 700.