Gonar Wa Za a Shuka Wiwi a Cikinta?

Maganar halatta noman tabar wiwi ta daɗe tana kai da kawo a ƙasarmu. A 2019 Gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya ce a bari a noma ta domin magani da kuɗin waje. A watan Maris na 2023 ƙudurin doka a kan haka ya zo gaban Majalisar Wakilai, bai kuwa wuce ba. Shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, ya tsaya a kan ƙin yarda. Amma magana ce da za ta dawo, gama Lesoto ta fara ba da lasisi tun 2017, Maroko ta yi tata doka a 2021. Ya kamata mu auna ta tun kafin ta iso bakin gonakinmu.

Mu fara da gaskiyar da ba ta yi wa wasunmu daɗi. Ganyen kansa ba shi da zunubi. Allah ne ya halicce shi. Likitoci sun sami magani a cikinsa, har da na wata irin farfaɗiya mai tsanani ta yara. Koyarwar Ikilisiyar Katolika ta haramta shan ƙwayoyi masu gusar da hankali, amma ta keɓe abin da aka yi domin jinya kaɗai. Saboda haka wanda ya ce mana magani yake nufi, ba za mu kira shi ɗan shaiɗan ba. Za mu tambaye shi ne: a gonar wa, kuma ribar ta wa?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a Talata Mafara, Bakura da Maradun. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka yi wa talakawa alkawarin noman rani da arziki. Ruwa ya cinye garuruwa, aka karɓe gonaki domin a baje su, manoma suka yi damina bayan damina suna jiran diyya. Da suka gaji suka tare hanyoyi, sai a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan; mutanen yankin suna ƙirga matattu da ɗaruruwa. Duk wannan a kan shinkafa da alkama ne, abincin da kowa ke ci. Ina ga shukar da kuɗinta ya ninka nasu, wadda sai mai lasisi, mai shinge, mai masu gadi ne zai iya nomawa? Mai 'yar gona ɗaya a bakin magudanar ruwa ba zai sami lasisin ba. Abin da zai samu shi ne baƙo mai jakar kuɗi da takarda daga sama. Labarin Sarki Ahab da gonar inabin Nabot yana cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 21. Shi ma Ahab da ciniki ya fara, har da tayin musanya.

Sai kuma maganar shinge. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnati a 2018 ya nuna mutane wajen miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Nijeriya, alhali nomanta laifi ne tun dokar 1966. A yankin da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma haraji kafin su yi girbi, wa zai tsare gonar wiwi? Hukumar da ba ta iya raka manomin gero zuwa gonarsa a Maradun ba, ba mu ga yadda za ta ƙirga kowane buhun ganye ba. Tailan ta sake wa wiwi mara a 2022, a 2025 ta koma ta ce sai da takardar likita. Ita kuwa ba ta da daji irin namu.

Akwai wanda zai ce mana, ai talauci ma yana kisa, kuma saurayin da ba shi da aiki shi ne ke shiga daji. Gaskiya ne, ba mu raina wannan hujja ba. Sai dai ruwan Bakolori da jinin talakawa aka biya shi, domin a ci abinci. Kowace kadada da aka ba wiwi an ɗauke ta ne daga shinkafa, masara ko tumatir, a jihar da dubban mutane suka bar ƙauyukansu suna neman na bakin salati.

Matsayinmu ke nan: in ana son bincike domin magani, a yi shi a ƙaramin fili, ƙarƙashin jami'a da hukumar magunguna, nesa da gonakin abinci. Mu Kiristoci 'yan kaɗan ne a Zamfara, amma a kan wannan bakinmu ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi. Muna roƙon katikis da shugabannin zumunta su karanta wannan a taron Lahadi, kuma duk wanda aka kawo wa takardar hayar gona ya nemi a karanta masa ita gaban shaidu kafin ya dangwala yatsa.