Fitilar da Direba Ba Ya Gani

Kusan duk abin da ke jikin mota don mai ita aka yi shi. Kujera don bayansa, fitilar gaba don idonsa, birki don ransa. Sigina kuwa, direba ba ya ganin tasa tana ci yana tuƙi. Abin da ke gabansa 'yar koriyar alama ce a dashbod, sai ƙarar ƙyas-ƙyas daga ƙarƙashin sitiyari. Ainihin hasken na wasu ne: ɗan acaɓan da ke biye da shi, direban tirela mai neman wuce shi, tsohuwar da ke tsaye a bakin titi tana lissafin ko ta tsallaka. Mai mota ne ke sayen ƙwan, amma su ke da haƙƙi a kansa.

A kan wannan muka yi musu da yayana, kuma har yau ba mu gama ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Fijo, Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri, Kaduna. A 1968 samfurin ya fito a Faransa, masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma Faransawa sun daɗe da daina ƙera ta amma a nan aka ci gaba har bayan shekarar 2000. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san ta: motar ma'aikatan gwamnati, motar tasha, motar kai amarya. Tamu tana nan da lafiyarta, ni nake hawanta ranar Juma'a da kuma in za a je gida Zariya. Matsalarta ɗaya. Murfin siginar baya, wanda a da ruwan lemo ne, rana ta cinye shi ya koma launin shayin da aka cika wa ruwa. In ka tsaya a bayanta da tsakar rana lokacin hazo, sai ka ƙura ido kafin ka tabbatar tana ƙiftawa.

Na ce zan sa mata ƙwan LED. Yaya ya ce a'a. "Ka bar ta yadda Baba ya bar ta. Amana ce, ba taka ba ce kai kaɗai."

Ban raina wannan magana ba, kuma ba na son mai karatu ya raina ta. Akwai mutunci a wajen mutumin da ke ƙin taɓa abin da ya gada. Mun ga gidajen ƙasa masu zanen magina da aka rushe aka dasa bulo, mun ga littattafan kakanni da aka bar wa gara. Irin su Yaya ne ke hana komai ya tafi haka. Na tuna masa cewa tayoyin motar ba na Baba ba ne, batir ma haka, an canza kuloci, an sa sabon ringi. Girkawa na da tsohon musu irin wannan, wanda Plutarch ya kawo labarinsa: jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su sa sabo, har masana suka rabu kan ko jirgin nan shi ne na farko. Yaya bai san Theseus ba, amma amsarsa ta fi ta wasu masanan kaifi. Ya ce duk abin da aka canza, da irinsa aka maye shi, taya da taya, batir da batir. LED kuwa wani jinsi ne daban, wanda ba a san shi a mota ba lokacin da aka ƙera wannan.

Gaskiya ne. Sai dai tambayar da na kasa daina yi ita ce: mene ne amanar, ƙwan ko aikin ƙwan? Injiniyoyin Faransa ba su sa ƙwai mai wat 21 a wurin don suna ƙaunar zaren da ke cikinsa ba. Sun sa shi don a gani, kuma a zamaninsu ana gani, domin murfin sabo ne kuma duk motocin da ke titi irin hasken da suke da shi ke nan. Yau idon direba ya saba da manyan jif masu fitilu kamar walƙiya, ga Keke Napep ta ko'ina, ga waya a hannu. Wanda ya riƙe ƙwan ya saki ganin, ya adana ɓawo ne. Malaman usulu sun daɗe da raba manufa da hanyar kai wa gare ta, suka ce hanya tana ɗaukar hukuncin manufarta. Kada wani ya ce na shiga maganar bidi'a. Ƙwan fitila ba ibada ba ne, kuma Yaya ma bai ce haka ba.

Abin da ya fi damuna ya wuce motar Baba. An koya mana tun muna makarantar allo cewa niyya a zuciya take, kuma Allah yana ganinta ko ba a furta ba. Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Mutumin da ke bayanka a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya ba ya ganin zuciya. Ka yi niyyar shiga kwana tun daga nesa, ka taɓa sandar sigina, koriyar alama ta amsa maka, ranka ya kwanta cewa ka sauke nauyi. In hasken bai kai idonsa ba, ba ka faɗa masa komai ba. Kamar mutumin da ya yi sallama a zuciyarsa ne sannan ya kutsa gidan mutane. Kuma wannan nau'in sakaci yana da daɗin zama a rai, don mai yinsa yana jin kansa cikin masu bin doka.

A Buhari da Muslim akwai hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa haƙƙoƙin hanya ga sahabban da suka saba zama a bakinta, kuma kame cutarwa na cikinsu. A Muslim an ƙirga kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mun fi tuna waɗannan in mun ga ƙaya ko kwalba a ƙasa. Ba mu cika tuna cewa mota mai nauyin fiye da tan ɗaya, wadda za ta karya kwana ba tare da kowa ya sani ba, ta fi ƙaya haɗari. Sai mu liƙa "Allah ya kiyaye" a gilashin baya, kusa da fitilar da ta mutu tun bara. Addu'ar daidai ce. Amma labarin mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kowa ya san shi.

Na kai motar wajen wani dattijo mai wayarin, wanda ya yi shekaru yana aikin Fijo. Bai fara da LED ba. Ya kwance murfin, ya nuna mini cikin gidan ƙwan: farantin da ke mayar da haske ya yi baƙi, ƙura ta daskare a kansa, gindin ƙwan ya yi tsatsa kore-kore. Ya bi wayar da ke haɗa fitilar da jikin mota, ya kankare inda take ɗaure da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, ya mayar ya ɗaure tam. "Alhaji, yawancin fitilar da kuke cewa ta tsufa, wuta ce ba ta isa wurinta." Da tsohon ƙwan nan, haske ya dawo sosai. A nan na ga Yaya na da rabin gaskiya: sau da yawa abin da muke kira gazawar tsohon abu, rashin kularmu ne.

Amma murfin da ya koɗe sai da aka nemo wani a kasuwar Panteka, kuma na sa LED ɗin duk da haka, don da rana tsaka bambancin a fili yake, ga shi yana kamawa nan take, ba ya jiran zare ya yi zafi. Aikin bai zo da sauƙi ba. Filashar tsofaffin motoci da zafi take aiki: wutar da ƙwan ke ja ita ke dumama wani siririn ƙarfe, ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya dawo. LED ba ya jan wutar da za ta dumama shi, sai siginar ta tsaya cak ko ta rikice. Dole a sa filasha ta zamani, wadda za ta riƙe ƙiftawa tsakanin 60 zuwa 120 a minti kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Dattijon ya kuma hana ni sayen fari. Farin LED a bayan murfi ruwan lemo yana fitowa a wanke ne, sai a sa mai launin murfin.

Ya hana ni wani abu kuma, wanda ya fi kusa da maganar da nake yi. A kasuwa akwai ƙwayaye masu haske fiye da kima, akwai masu shuɗi, akwai masu walwali irin na gidan biki. Samari na son su. Wanda ya sa irin wannan ya kashe wa na bayansa ido da dare, shi ma bai ba hanya haƙƙinta ba, ya sauya cutar ne kawai. Ƙa'idar da malamanmu na Malikiyya ke karantarwa daga Muwaɗɗa ta hana cutarwa, ba ta ware wadda aka yi da duhu daga wadda aka yi da haske ba. Ma'aunin a idon na baya yake: ya gane ka, ya gane inda za ka, kuma ya ci gaba da ganin hanyarsa.

Yaya ya karɓi tsofaffin ƙwayayen ya ajiye, ya ce duk ranar da motar ta dawo hannunsa zai mayar da su. Ban yi masa gardama ba, domin akwai abin da gyaran ya ɗauke wanda ban zata ba. A da, in ƙwai ɗaya ya ƙone, tsohuwar filashar kan sauya tafiyarta, ƙarar ta canza, direba ya san da matsala tun yana zaune. Sabuwar da aka sa mini ba ruwanta. Ko ƙwan baya ya mutu, ƙyas-ƙyas ɗinta ɗaya ne, koriyar alamar na ci gaba da amsawa. Don haka yanzu kafin in fita da motar sai in kira ƙaramin ɗana ya tsaya a baya, in taɓa hagu in taɓa dama, shi kuma ya ɗaga murya ya gaya mini ko tana yi.