Tausayi Ko Tauyewa? Matasanmu Da Ba Sa Gani

Yau ga wata tambaya da nake so mu tauna tare: idan Allah ya ba mace ɗa ko 'ya mai larurar gani, har ya kai shekarun samartaka, mene ne tausayi na gaskiya a gare shi?

Da yawa daga cikinmu amsarmu ɗaya ce: a ba shi ci da sha da sutura, a hana shi wahala. Sai ki ga budurwa 'yar shekara ashirin tana zaune a ɗaka. Ba ta taɓa tukunya, wai kada ta ƙone. Ba ta zuwa Islamiyya, wai kada ta faɗi. Ana biki ko suna a dangi, an bar ta gadin gida. In baƙuwa ta zo, sai ta tambayi uwar, "Ta ci abinci kuwa?" alhali ga ta nan zaune, kunnenta ras, bakinta ras. Wasu kuma su haɗa saurayi da ɗan jagora a tura su bara, an kashe karatun yara biyu ke nan a lokaci guda.

To, ɗan Adam ba ciki kaɗai ba ne. Yana so a yi shawara da shi, a aike shi, a ce yau in babu wane abin ba zai yiwu ba. Wanda kullum yi masa ake, ba a taɓa neman komai a wurinsa ba, a hankali zai ɗauka shi kaya ne a wuyan mutane. Wannan ciwon ya fi na ido zafi.

Mu dubi Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA). Makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci tare da Bilal, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha bar masa limancin mutanen Madina in zai yi tafiya. Aiki aka ba shi da amana. A nan gida ma, Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, ba ya gani, amma har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A Masar, Taha Husaini ya makance tun yana ƙarami, ya zama ministan ilimi a 1950.

Wata za ta ce, ai tsoron da uwa take ji gaskiya ne, ga wuta, ga mota, ga mugaye. Haka ne. Amma maganin tsoro koyarwa ne, domin uwa ba za ta dawwama ba. Ranar da babu ke, wa zai dafa mata?

Hanyoyi kuwa akwai su. Tun 1824 Louis Braille na Faransa ya ƙirƙiro rubutun ɗigo shida da ake karantawa da yatsu, har Alƙur'ani an buga da shi. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, a Kano kuma akwai ta Tudun Maliki. Wayoyin zamani suna karanta saƙo da murya. A 2019 an sa hannu kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

Saura namu na cikin gida. Ki koya mata girki da wanki kamar sauran 'yan uwanta. Kada a riƙa sauya wa kaya wuri ba a gaya mata ba. In kin shigo, ki faɗi sunanki, in za ki fita ki yi sallama. A kai ta makaranta, a tafi da ita biki. In manemi na kirki ya fito, ita za a tambaya. Ke kuma uwar miji, in ɗanki ya ce ita yake so, ki dubi halinta da addininta kafin ki ce a'a.

Allah ya ba mu ikon sauke wannan amana, amin.